Makokin Gwaji

An kashe matar Ambrose Guidry ranar wata Talata da hantsi, a ɗakin taro na hawa na uku, tana zaune a gefensa tana ɓare lemo. Wanda ya kashe ta, Dakta Garland Pruitt, ko tashi daga kujerarsa bai yi ba. Kati ɗaya ya zaro daga tarin korayen katunan da ke gabansa, ya gyara zaman tabarau, ya karanta da irin muryar da ake sanar da hasashen ruwan sama: matar, Thea Lindqvist, ta zame a gangaren wani rami a kudancin duniyar wata, rigarta ta 'yan sama jannati ta yage a gwiwa, iskar ciki ta tsiyaye, kafin abokin tafiyarta ya kai gare ta rai ya yi halinsa.

"To, jama'a, ta rasu," in ji Pruitt. Ya ajiye katin ya ɗauki kofin kofinsa. "Yanzu sai me?"

Al'adar gidan ke nan. Kafin hukumar binciken sararin samaniya ta ɗora ɗan sama jannati a kan roka, sai ta tara manyanta sun kashe shi da baki tukuna, don a san wa zai kira wa, wa zai ƙwanƙwasa ƙofar iyalinsa, me za a jefa wa 'yan jarida su gwaguya. Atisaye suke kiran abin. Akan gayyaci miji ko matar mai tafiya, shi ma mamacin a ba shi kujera, bisa sharaɗi guda: gawa ba ta magana. Ta zauna ta saurara, in ta ga dama ta sha lemo.

Tun Ambrose yana da baƙin gashi ake ta shirin komawa duniyar wata a birnin Houston. Kakannin mutanen nan sun je da taba a baki da lissafin fensir, sun kwaso duwatsu sun dawo. Jikokin kuwa, da injunan da suka fi su wayo, sun yi shekara da shekaru suna zana hoton tafiyar a allo. Kowace sabuwar gwamnati takan zo ta sake wa shirin suna, ta ɗaga ranar tashi, a buga sababbin riguna da huluna masu tambari. In da taro yana kai mutum sama, da tuni garin ya tare can da motocinsa da kantunansa. Sai ga shi a wannan karon roka ta tsaya da ƙafarta, har an ambaci mutum biyu da za su taka ƙasar wata. Ɗaya Kanar Boyd Ransom, matuƙi. Ɗayar Thea, masaniyar duwatsu, wadda ke kwana ɗaki ɗaya da Ambrose.

Shi malamin tarihi ne a makarantar sakandare, kuma tarihi bai bar masa wani kyakkyawan zato ba game da mutanen da ke tura wasu nesa su kuma su zauna a inuwa. Tambaya ɗaya ce ta kawo shi ɗakin. Danginsa mutanen fadamar Louisiana ne, inda ruwa ba ya barin a haƙa kabari, sai dai a gina shi a bisa ƙasa kamar ƙaramin ɗaki. Duk farkon Nuwamba dangi kan taru a maƙabartar, su shafe kaburbura da farar ƙasa, su cire ciyawa, su ci shinkafa da wake, su yi gulmar rayayyu a gaban matattu. Akwai wurin mutum biyu da ya rage kusa da mahaifinsa. Tun ranar da aka ambaci sunan Thea yake tambayarta: in abin ya faru a can, za a dawo da ke? Kullum sai ta ce za a yi maganar a atisaye. To, ga atisayen ya zo.

Da safe a mota ta ja masa kunne.

"Malam, don Allah ka riƙe bakinka yau. Can ba ajinka ba ne."

"To, Kyaftin."

"Ba wasa nake ba. Ba ni kaɗai suke aunawa ba, har da kai. In suka ga gidana yana rawa, Jolene na nan ta riga ta ɗaure takalmi."

Jolene Tackett ita ce 'yar ko-ta-kwana, wadda za ta hau kujerar Thea in wani abu ya gifta kafin tafiya. Kuma bisa hikimar hukumar, ita aka naɗa ta kai wa Ambrose labarin mutuwa. An ba kura ajiyar nama, an kuma yaba da tsarin.

Ita ce ta fara tashi bayan katin Pruitt. Ta zagayo, ta ƙwanƙwasa teburin a madadin ƙofa.

"Ambrose, ni ce Jolene. In shigo?"

"Ai kin riga kin shigo."

Aka ɗan yi dariya. Thea ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Jolene ta dafa kafaɗarsa, ta ɗaura wata fuskar jimami wadda da gani an gwada ta a madubi, ta ce Thea ta yi haɗari, kuma ba ta tashi ba. Abin da ya fi ji shi ne ƙamshin cingam ɗin bakinta.

"Da kyau," in ji Pruitt. "Amma ki zaunar da shi kafin ki faɗa. Maza kan zube."

"Ai a zaune yake, Dakta."

"A gida ba a zaune za ki same shi ba."

Mutum huɗu suka duƙa suka rubuta wannan.

Kati na biyu ya ce wata tashar talabijin ta riga ta shinshino labarin. Nan fagen ya koma hannun Misty Calloway, mai magana da yawun hukumar, mace mai fararen haƙora kamar ba a taɓa tauna komai da su ba. Aka shiga muhawara a kan hoton da za a saki: wanda Thea ke murmushi, ko wanda take tsaye gaban tuta. Wani ya ce murmushi bai dace da ranar ba. Wani ya ce tutar ta yi duhu. Aka zagaya da kwalin fankensu mai huda a tsaka, kowa ya ɗauka da 'yan yatsu biyu kamar yana jin kunya, kwalin dai ya dawo fayau. Kati na uku ya ce ba a samu shugaban ƙasa a waya ba. Aka yanke wanda zai ci gaba da kira. Aka yanke tsawon kwanakin da tuta za ta yi a sassauce, da wanda zai kwashe kayan ofishinta, da ko a bar wa mijin katin shiga harabar ko a karɓe.

Ambrose ya saurara har ya tabbata an gama rabon komai na matarsa, ban da ita kanta. Sai ya ɗaga hannu kamar ɗaya daga cikin ɗalibansa.

"Yallaɓai, yaushe za a kawo ta?"

Pruitt ya leƙo ta saman tabarau. "A kawo wa?"

"Matata. Kun ce ta mutu. Yaushe zan karɓi gawarta?"



"Tambaya mai kyau," in ji Pruitt. A gidan nan in aka ce wa tambayarka mai kyau, to ka yi mata sallama. "Dale, wannan taka ce."

Dale Yoder shi ne injiniyan da ke auna duk abin da zai shiga kumbo, mutumin da ya taɓa shafe damina guda yana rigima a kan nauyin buroshin haƙori. Ba a cika tambayarsa komai a taro ba, don haka fuskarsa ta washe.

"To ka ga, Malam Guidry, abin ba shi da wuya. Tana ƙasan rami. Boyd yana da iskar da aka auna masa a goye. Ko dai ya ƙarar da ita wajen jawo gawar zuwa gindin tsanin kumbo, ko ya ƙarar da ita wajen loda akwatunan duwatsu. Ba za a yi biyun ba."

"Ai da nauyinta kuka yi lissafin dawowa tun farko."

"Haka ne! Ka ga ka gane." Yoder ya nuna shi da biro kamar ɗalibin da ya ci jarrabawa. "Wannan shi ne abin sha'awar. In ba ta cikin kumbon, duk nauyinta ya zama namu. Duwatsun da za mu kwaso za su kusa ninkawa."

"Wato mutuwarta riba ce."

"A'a, ban ce riba ba. Na ce sarari."

Misty ta miƙo hannu ta kan tebur, ta tsaya kafin ta taɓa shi, don ba a tsara taɓawa ba.

"Ambrose, ɗan'uwa, ka duba ta wani ɓangaren mana. Wace mace ce a duniya za ta samu kushewa irin wannan? Duk dare ka fito tsakar gida ka ɗaga kai, ga ta nan tana haska ka. Mutane za su so wannan labarin."

Bai san lokacin da ya miƙe ba. Kujerar ce ya ji ta bugi bango.

"Ke ki ɗaga naki kan! Kare ma in mota ta take shi ana janye shi gefen titi. Ni ban tambaye ku hoto ba, ban tambaye ku tuta ba, ku riƙe katin shigarku ku jiƙa ku sha. Uwata ta haura tamanin, duk Nuwamba tana durƙusawa da buroshi tana shafe kabarin mijinta, tana ba shi labarin wanda ya yi aure da wanda ya rabu. Ni me zan shafe? Sama? Da ƙafarta za ku ɗauke ta daga gidana. Ku ce mini za ku dawo da ita, ko da a buhu ne. Mutum ɗaya a ɗakin nan ya buɗe baki ya faɗa. Ɗaya tak!"

 Rabonsa da hawaye tun jana'izar mahaifinsa, sai ga su sun zaɓi su zubo a gaban mutum goma sha wani abu masu sukari a leɓe. Ya juya ga matarsa.

"Thea, ke ma ki ce wani abu."

Ta ƙura wa ɓawon lemon ido. Ta jera shi a kan takarda, ƙarami bisa babba.

"Malam Guidry," in ji Pruitt a hankali, "gawa ba ta magana."

Ya zauna, don ba abin da ya rage a yi a tsaye. Pruitt ya ce za a kafa ƙaramin kwamiti ya duba batun, ya kawo rahoto. Aka rubuta. Kati na gaba ya ce matar Boyd ta suma a wani kanti, aka koma kanta.

Da katunan suka ƙare, Pruitt ya haɗa su ya buga a tebur.

"Atisaye ya ƙare. Thea, barka da dawowa."

Aka yi dariyar da akan yi duk lokacin da ya faɗi haka. Mutane suka fara tattara takardu, sai ya ɗaga hannu.

"Kafin mu watse, ku taya ni tafa wa Malam Guidry. Na tsufa a aikin nan, ban taɓa ganin wanda ya taka rawarsa haka ba."

Tafi ya ɓarke. Ambrose ya dube su ɗaya bayan ɗaya yana neman wanda ke masa ba'a, bai samu ba. Da gaske suke. Mutanen da suka ƙare rayuwarsu suna gwajin abu, in ainihin abin ya zo ya tsaya a gabansu, maki za su ba shi.

"Wallahi har tsigar jikina ta tashi," in ji Misty, tana dangwalar gefen ido don kada kwalli ya ɓaci. "Maganar tsohuwar nan da buroshi! Kai ka tsara ta?"

Yoder ya zo ya girgiza masa hannu, ya ce ya ji daɗin musayar da suka yi. Jolene kaɗai ba ta tafa sosai ba. Ta tsaya tana tauna cingam tana kallon jajayen idanunsa.

"Kamar gaske," ta ce.

Thea ta riga shi buɗe baki. Gawa ta samu harshe daidai lokacin da take buƙatarsa.

"Ai shi ke shirya wa yara wasan kwaikwayo a makaranta. Jiya ma a kicin ya gwada mini, har na ce ya rage gishiri."

Ba ya shirya wa kowa wasan kwaikwayo. Jiya a kicin kwanuka ya wanke.

Ta ja shi waje, zuwa dogon barandan da aka jera hotunan tsofaffin jarumai, kowa rungume da kwalkwalinsa yana murmushi. Ta tsaya inda ba kowa.

"Kin san amsar," ya ce.

"Kowa a ɗakin ya sani."

"Kwamitin fa?"

"Malam, kai fa ka karanta tarihi."

Ya jingina da bango. Ta sassauta murya, ba don tausayi kaɗai ba, har don ƙofar ɗakin taron a buɗe take.

"Boyd ba zai iya hawa tsanin nan da ni a kafaɗa ba. In ya gwada, gawa biyu za a bari. Kuma ko da zai iya, na riga na ce masa kada ya kuskura. Duwatsun nan su na ƙare ƙuruciyata ina jira. In na mutu a kansu, a kawo su."

"Yaushe kika ce masa?"

"Tun kafin a zaɓe ni. Suna tambaya. Wanda ya yi jinkirin amsawa ba ya tafiya."

"Ni kuma kika bar ni ina tambayarki a kan abinci, a kan gado, a mota, kamar mai bin sadaka."

"Na ɗauka in ka ji daga bakinsu, su za ka tsana."

Ya dube ta. Ba ta sunkuyar da kai ba. Wannan idon ne ya sa ya aure ta, idon da ke kallon abu kai tsaye, sai dai yau ya gane ba shi yake kallo ba, abin da ke bayansa can nesa yake kallo.

Ƙofar tana nan a buɗe, taku kaɗan ne. In ya koma ya ce musu ba wasa ya yi ba, ya ce matarsa ƙarya ta yi, ya ce gidan yana rawa har harsashi, ya san abin da zai biyo baya. Likitocinsu za su rubuta, wani kwamiti zai zauna, kuma wannan kwamitin zai kawo rahoto da wuri. Jolene za ta tafi. Thea za ta tsufa a ƙasa, a binne ta inda ya tanada, ta kwanta a gefensa har abada ba ta yafe masa ba. Ya auna abin ta kowace fuska, har ya ji kunyar yadda ya fara kama da Yoder.

Sai ga Pruitt ya fito, katunansa a aljihun riga, yana share sukari daga gemu.

"Yawwa, ga shi nan! Malam Guidry, alfarma nake nema."

Farcen Thea ya nutse a damtsen Ambrose.

"Mako mai zuwa Boyd za mu kashe," in ji Pruitt. "Matarsa mutuniyar kirki ce, amma wancan karon da muka kashe shi, tambaya ɗaya ta yi, ko za a biya mata kuɗin ajiye mota. Ɗakin bai ko yi gumi ba. Yau kuwa ka ga yadda ka sa Dale ya yi tunani? Irin wannan muke buƙata. Ka zo ka zauna mana a matsayin ɗan'uwansa, ko wani dai na jiki. Bayan shi akwai 'yan tafiya ta biyu, su ma duk sai mun kashe su kafin bazara."

"In na zo, yallaɓai, za a ba ni amsar tambayata?"

Pruitt ya ƙyalƙyale da dariya har ya dafa bango.

"Thea, kin ji mutumin naki? Har yanzu bai fita daga rawar ba! Kai, Malam, ka ɓata kanka a aji."

Thea ma ta yi dariya, dariyar da ta tsaya a haƙora. Farcen bai saki ba. Ambrose ya dubi hannun da ke riƙe da shi, da zoben da ya sa masa da kansa, sannan ya dubi tsohon da ke jiran amsa da fuskar mutumin da bai taɓa binne abin da ya fi kyanwa ba.

"Zan zo," ya ce.

"Madalla! Duka za ka zo?"

"Duka. Aiki ne da zan yi wata rana, gara in koya a hannun gwanaye."

Pruitt ya ce wannan ita ce irin zuciyar da hukumar ke so a iyalai, ya buga masa kafaɗa, ya wuce cin abincin rana. Thea ta saki damtsen. Ta ce tana da horo a tafkin nutso da azahar, kada ya jira ta, Jolene za ta sauke ta a gida. Ta sumbace shi a kunci ta juya da sauri, tafiyar wadda ba a taɓa kujerarta ta kumbo ba.

Ya sauka ta matakala shi kaɗai, ya fita cikin zafin Houston mai kama da numfashin kare, ya daɗe yana zagaya filin motoci kafin ya tuna makullin yana jakarta.